Amsa ga Malam kan cocin da muke salla a cikinsa

Allah ya gafarta Malam, ka tambaye ni ko gaskiya ne muna salla a coci a nan Ingila, kuma ko ƙwace shi aka yi daga hannun masu shi. Gaskiya ne muna salla a wasu gine-ginen da a da coci ne, amma babu ƙwace a ciki. Idan masu zuwa ibada sun ragu har kuɗin gyaran rufi da ɗumama ɗaki ya gagare su, sai su sa ginin a kasuwa, wanda ya iya ya saya. Mu Hausawa ba mu da yawan da za mu sayi namu, don haka muna bin sahun 'yan'uwanmu na Bangladesh da Pakistan da Somaliya, muna ba da abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a.

Masallacin Brick Lane da ke gabashin Landan shi ne misalin da na fi sani. Kiristocin Faransa da suka gudo daga tsangwama ne suka gina shi a 1743, daga baya mabiya ɗarikar Methodist suka karɓe shi, a ƙarshen ƙarni na 19 ya koma wurin bautar Yahudawa, sannan a 1976 ya zama masallaci. Har yau agogon rana na masu ginin farko, wanda ke nuna lokaci da inuwa, yana nan a jikin bango da rubutun Latin, ba wanda ya kankare shi.

Abin da zai ba Malam mamaki shi ne, mai ginin ba shi da ikon yin yadda ya ga dama da kayansa. Idan hukuma ta sa gini cikin jerin na tarihi, taga ɗaya ba ta canzuwa sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma wanda ya yi gaban kansa kotu zai je. Shi ya sa a masallacin unguwarmu, da aka zo kan gilashin taga mai hotunan mutane, ba a fasa shi ba. Katako aka sa aka rufe shi ta ciki. Alƙibla ma ba ta dace da bangon ba, sai aka shimfiɗa darduma a karkace, baƙo ya shigo ya tsaya yana neman inda liman yake.

Ba duka ke zama masallaci ba. Wasu sun koma gidajen haya ko ɗakin karatu, wasu kuwa, abin takaici, mashaya. Waɗanda suka fi daraja, wata gidauniya da aka kafa a 1969 tana riƙe da fiye da 350, tana buɗe su ga masu ziyara. Da farko na ɗauki dokar gine-ginen tarihin nan takura ce, amma da na tuna yadda ganuwar Kano ke zaizayewa ana gini a kanta, sai na daina ƙorafi. Wata tsohuwa da aka ɗaura wa aure a cocin namu takan leƙo wani lokaci, mu ba ta kujera ta zauna.