Amsa: TCAS kaɗai ta isa jirgi marar matuƙi?

Malam, ka tambaya ko sa wa jirgi marar matuƙi na'urar TCAS, mai gargaɗin jirage idan sun kusa yin karo a sama, zai hana shi karo. Gaskiya ba ta isa ba. Jirgin da ke amsa siginarta kaɗai take gani. Wanda bai da na'urar amsawa, sai dai wata na'ura kamar rada ta hango shi.

Dokar Amurka cewa ta yi matuƙi ya duba ya kauce, to kwamfuta kuwa lamba take so. Shi ya sa RTCA, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin na'urorin jiragen sama, ta fitar da ma'aunin DO-365 a 2017, mai faɗin tazarar da za a bari tsakanin jirage: tazarar ƙafa 4,000 ta gefe, ƙafa 450 sama ko ƙasa, da sakan 35 kafin haɗuwa. A ganina ƙananan jirage marasa matuƙi ne ke shan wuya, don rada ta yi musu nauyi, ga tsada.