Tambaya da Amsa: ParaView na buɗewa, amma Python ya ce bai san shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina rubuta memuwar na mastar a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwarin Gulbin Maradi. Lissafin da MODFLOW (manhajar lissafin tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa) da FloPy (kunshin Python mai sarrafa MODFLOW) nake yin sa, hotunan kuma da ParaView (manhajar mai da sakamakon lissafi hoto). In da linzami ne, lafiya lau. Amma hotunan suna da yawa, kowane wata da nasa, shi ya sa na rubuta umarni da Python a cikin Spyder (wurin rubuta Python) na Anaconda (kunshin da ke zuwa da Python da kayan aikinsa). Tun a layin farko, from paraview.simple import *, yake tsayawa ya ce ModuleNotFoundError: No module named 'paraview'. Na goge ParaView na sake saukewa har forfe ɗina ya ƙare. Wani abokin karatuna ya sa mini PYTHONPATH, sai saƙon ya koma DLL load failed. Ina mafita? Daga ɗalibarku a unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, kada ki sake saukewa. ParaView ɗinki lafiyarsa ƙalau, kuma na ji zafin forfen nan, don manhaja ce mai cin ɗaruruwan mega.

Python biyu ne a kwamfutarki. Akwai na Anaconda, wanda Spyder ke aiki da shi, akwai kuma wanda ParaView ya zo da shi a cikin dosiyensa. Kamar gida ne mai rumbu biyu: gero yana cikin na farko, ke kuwa kin aika yaro ya lalubo shi a na biyu. Duk lokacin da aka rubuta import, Python yakan bi wani jerin dosiyoyi mai suna sys.path ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da inda fayil ɗinki yake. In bai samu ba, sai ya fitar da saƙon da kika gani. Na Anaconda bai taɓa leƙa dosiyen ParaView ba.

Ki gwada ki gani. A cikin Spyder ki rubuta import sys, sannan print(sys.version) da print(sys.path). Ki buɗe ParaView, ki shiga View, ki zaɓi Python Shell, ki maimaita. Dosiyoyin za su bambanta, kuma galibi lambar Python ɗin ma ba ɗaya ba ce.

A kan lambar nan ne shawarar abokin karatunki ta tuntsure. Niyyarsa mai kyau ce, rabin hanya ma ya kai ki: PYTHONPATH, wato saitin da ke ƙara dosiyoyi a jerin sys.path, ya nuna wa Python ƙofar, shi ya sa saƙon ya sauya. Sai dai ParaView, wanda kamfanin Kitware da cibiyar binciken Los Alamos ta Amurka suka fitar a 2002, da harshen C++ aka gina shi, a kan ɗakin karatun manhaja mai suna VTK. Fayil ɗin simple.py fuska ce kawai. A ƙarƙashinsa akwai fayilolin .pyd da .dll da aka riga aka harhaɗa domin Python guda takamaimai. Wanda aka yi wa 3.10 ba zai yi aiki da 3.12 ba. Ko lambar ta dace, tun daga Python 3.8 Windows ya daina bin PATH (jerin dosiyoyin da tsarin kwamfuta ke nema a ciki) wajen nemo DLL ɗin irin waɗannan modul. A Windows na Faransanci saƙon kan ƙare da "Le module spécifié est introuvable", sai mutum ya zaci wani fayil ne ya ɓace, alhali yana nan. Ki cire PYTHONPATH ɗin nan gaba ɗaya, domin duk wani Python da ke kwamfutar yana karanta shi, wata rana FloPy ma zai iya rikicewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki bar mai gida ya karanta rubutunki. A dosiyen bin na ParaView akwai pvpython.exe. Ki buɗe tagar cmd, ki rubuta cikakken adireshinsa, sannan sunan fayil ɗinki:

"C:\Program Files\ParaView 5.13.0\bin\pvpython.exe" hotuna.py

Lambar ki sa wadda ke kwamfutarki. Alamomin zance dole ne saboda giɓin da ke cikin sunan. Abu ɗaya da ke yawan kayar da ɗalibanmu a nan Nijar: Windows na Faransanci yana nuna dosiyen da sunan Programmes, amma ainihin sunansa Program Files ne, shi za ki rubuta.

Na san abin da zai biyo baya. Za ki sa import flopy a fayil ɗin, pvpython ya ce shi ma bai san flopy ba. Dalilin ɗaya ne, ya juyo ta ɗaya ɓangaren. Shawarata ki raba aikin gida biyu. Rubutu na farko ya zauna a Anaconda: ya karanta sakamakon MODFLOW, ya fitar da fayilolin VTK, kowane wata da lambarsa a jere. FloPy ya iya wannan, in an saka masa vtk a wajensa. Na biyu ki ba pvpython: ya buɗe fayilolin, ya sa launi, ya ajiye hoto da SaveScreenshot. Fayilolin da lambobinsu ke jere, ParaView yana ɗaukarsu a matsayin jerin lokaci guda. Ni haka nake aiki, kuma amfaninsa babba ne a garin da wuta kan ɗauke: in ta tafi ana tsakiyar hotuna, lissafin yana ajiye, rabi na biyu kaɗai za ki sake.

In kuwa lallai sai a wuri ɗaya kike so, ki ƙirƙiri sabon muhalli na conda (mai girka kaya a Anaconda), wato Python na dabam da kayansa, ki bar shi ya daidaita lambobin da kansa:

conda create -n gulbi -c conda-forge paraview flopy

Saukewar tana da nauyi, ki jira sai kin sami intanet mai ƙarfi. Kuma sai kin nuna wa Spyder Python na wannan muhallin a cikin saitinsa, in ba haka ba zai ci gaba da amfani da tsohon. Sababbin fitowar ParaView suna da zaɓin --venv, mai ba ParaView damar amfani da kayan wani muhallin Python, amma shi ma sai lambar Python ta zo daidai da ta ParaView. Game da pip install vtk da za ki ga ana ba da shawara: VTK zai ba ki, babu paraview.simple a ciki. Kada ki cusa shi inda ParaView yake, VTK biyu a wuri ɗaya sukan sa manhaja ta rufe ba sallama.

Ki duba sunan fayil ɗinki ma. In kin sa masa paraview.py ko vtk.py, Python zai fara cin karo da naki, ya ɗauke shi a madadin na gaske. Ki sauya sunan, ki goge dosiyen __pycache__ da ke kusa da shi.

Da yake kin iya aikin da linzami, ba sai kin haddace umarnin ba. Ki shiga Tools, ki danna Start Trace, ki yi hoton wata ɗaya yadda kike so malaminki ya gan shi, sannan Stop Trace. ParaView zai rubuta miki Python ɗin da ya dace da fitowar da ke hannunki, ke kuma ki ɗora masa umarnin maimaitawa na for ya zagaya watannin. Ki kafa iyakar launi a lamba ɗaya ga dukkan hotunan, don shuɗin watan Agusta da na Afrilu su nuna zurfi ɗaya. In wani saƙo ya sake fitowa, ki turo mini shi cikakke daga layin Traceback har ƙasa, tare da abin da sys.version ya nuna. Allah ya ba da sa'ar kare memuwar.