Ku Tambaya Mu Amsa: Ni kaɗai na rage da BlackBerry, in haƙura ko in ci gaba?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni uku na ware don duk kukansu iri ɗaya ne, waya ce suke so har zuci amma mutane sai guduwa suke daga kanta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai tun zamanin Bold nake riƙe BlackBerry, daga nan na koma Q10, na yi Passport, yanzu KEY2 mai maɓallan rubutu ce a hannuna kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rubutu a kan gilashi ba, yatsuna sam ba sa yarda. Da can duk abokaina muna BBM tare, manhajar hira ta BlackBerry, yanzu ni kaɗai na rage, in na fito da ita cikin mutane sai a hau dariya wai daga gidan tarihi na ɗauko ta. Dariyar ba ta dame ni ba, abin da ya dame ni shi ne manhajar bankina ta ce sai na sabunta ta, na je sabuntawa aka ce wayata ba za ta ɗauka ba. Akwai wanda ya yi min tayin wata KEY2 ɗin sabuwa dal a kwalinta, ina tunanin in saya in ajiye saboda gaba. Malam taurin kai nake yi ko ina kan daidai?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Farko dai ka cire maganar taurin kai a ranka, abin da kake so a wayar nan abu ne na gaske. Duk wanda ya taɓa riƙe KEY2 ya san abin da kake nufi, ka ɗora babban yatsa a kan dogon maɓallin nan na ƙasa ta karanta zanen yatsanka ta buɗe, ka danna harafi ɗaya manhajar da ka ɗaura masa ta fito, kana rubutu kalma ta bayyana a sama ka shafa kibod ɗin ka cilla ta ciki, kuma za ka iya rubuta dogon saƙo idonka na kan mutumin da kake magana da shi don yatsunka sun haddace inda kowane harafi yake. Masu dariya yawancinsu ba su taɓa ɗanɗana wannan ba, to ka bar su.

Amma fa waccan ta kwalin kar ka saya. Bari in faɗa maka dalili dalla dalla don na san ba za ka karɓi a'a kawai ba.

Ita waya irin ta zamani ba ita kaɗai take rayuwa ba, akwai mutane uku a bayanta: kamfanin da yake turo mata gyaran tsaro, masu rubuta manhajoji, da kamfanonin sadarwa. Yanayinta kamar kasuwa ne da ta fara watsewa, masu kaya sun daina zuwa don babu masu saye, masu saye sun daina zuwa don babu kaya, kai da ka tsaya komai ƙaunarka da wurin ba za ka iya cika shi kai kaɗai ba. Mai rubuta manhaja lissafi yake yi, zai biya ma'aikata su gina ta, su gwada, su riƙa gyara duk wata, in ya duba ya ga masu irin wayarka ba su taka kara sun karya ba a cikin masu amfani da kayansa sai ya sauke ku, ba don yana ƙinku ba. Abin da ya ci BlackBerry ke nan. A 2012 suna da masu amfani wajen miliyan 80, amma sabon tsarinsu BlackBerry 10 bai fito ba sai Janairun 2013, alhali iPhone tun 2007 take kasuwa, Android kuma tun 2008, kafin su iso masu manhajoji sun riga sun zaɓi gidaje biyu sun zauna. Tsarin kansa mai kyau ne wallahi, wanda ya yi amfani da Hub ya ga imel da saƙon tes da komai a layi ɗaya zai shaida, amma kyau bai ishe shi ba.

Daga nan abin ya yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. A 2016 kamfanin ya ce ya daina ƙera waya da kansa, ya ba kamfanin TCL na China izinin amfani da sunan, su ne suka yi KEYone a 2017 da taka KEY2 ɗin a 2018. WhatsApp ta janye daga tsofaffin BlackBerry a ƙarshen 2017. BBM ɗin da kake kewa an rufe na jama'a ranar 31 ga Mayu 2019. Yarjejeniyar TCL ta ƙare a Agustan 2020, kuma alƙawarin kula da wayoyin da suka yi ya tsaya a Agustan 2022. Ranar 4 ga Janairu 2022 BlackBerry ta kashe sabis ɗin da su Bold da Q10 da Passport suke dogaro da shi. Har wani kamfani a Amurka, OnwardMobility, ya yi alƙawarin sabuwar BlackBerry mai 5G a 2020, mutane suka yi ta jira, a farkon 2022 aka ce babu. Shi kuwa kamfanin BlackBerry yana nan da ransa, ya koma sayar da manhajojin tsaro da QNX da ake sa wa motoci, bai da sauran harka da wayar hannunka.

To KEY2 da Android 8.1 ta fito kuma a nan ta tsaya, ko 9 ba ta samu ba. Ta cikin kwalin ma 8.1 ce. Kenan ranar da ka buɗe ta bankinka zai faɗa mata abin da ya faɗa wa wannan, ba ka sayi komai ba sai sabon jiki. Ga batir kuma, batirin waya yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, wanda ya yi shekaru a kwance babu caji wani sa'in ko tashi ba ya yi yadda ya kamata.

Wani abu da nake so ka ɗauka da muhimmanci sosai, na san za a ba ka shawara ka je wani shafi ka sauke tsohuwar manhajar bankin ka sa da hannu. Don Allah kar ka yi. Fayil ɗin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba, a kan wayar da aka daina toshe mata ramukan tsaro shekara da shekaru, sannan ka shigar da lambobin sirrin kuɗinka a ciki, wannan ganganci ne. Ramuka da yawa da aka gano a Android tun bayan gyaran ƙarshe da wayarka ta samu suna nan a buɗe, kuma ɓarayin intanet su ma suna karanta labarin ramukan nan.

Abin da zan yi da ni ne kai, zan riƙe KEY2 ɗin don rubutu da kira da duk abin da take yi da kyau, in samu wata ta biyu wadda har yanzu ake turo mata gyara in mayar da banki da babban imel ɗina da lambobin tabbatarwa can. Wajen zaɓa ka tambayi shekara nawa aka yi alƙawarin kula da ita kafin ka tambayi kyamara, Google daga Pixel 8 da Samsung daga Galaxy S24 sun yi alƙawarin shekara 7, ƙananan wayoyi kuma yawanci nasu bai kai haka ba don haka ka duba. In kuma kibod ne ba ka iya rabuwa da shi, akwai Unihertz masu yin Titan, akwai kuma Clicks da suke yin rigar waya mai kibod a ƙasa. Ba zan ce maka daɗinsu ɗaya da na BlackBerry ba, ka samu ka taɓa da hannunka tukuna.

Sannan ka tabbatar layinka yana yin kira ta 4G a wayar, abin da ake kira VoLTE, don ƙasashe da dama suna kashe 3G, a Amurka manyan kamfanonin duk sun kashe a 2022, kuma wayoyi da yawa lafiyayyu a lokacin suka daina kira.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Lumia 950 ta Microsoft mai tsarin Windows ce da ni, ina son ta saboda hotonta da tsarin akwatunan nan na fuskarta, ban iya da cunkoson Android ba. Yarana sun dame ni in canza. Yanzu in na buɗe wasu shafuka sai ta ce ba amintattu ba ne ta ƙi shiga. Akwai gyara? Hotunan iyalina na shekaru duk suna ciki.
Daga wata mai karatu

AMSA: Hajiya, kafin komai, yau ɗin nan ba gobe ba, ki sa a haɗa wayar da kwamfuta da igiyar USB a kwashe hotunan nan kaf, in kina da katin memori a ciki shi ma a kwafe shi, a ajiye wuri biyu. Lambobin mutane kuma yawanci suna cikin akawun ɗinki na Microsoft, ki shiga Outlook ta kwamfuta ki gani da idonki suna nan, in kin manta kalmar sirrin to yanzu ne lokacin nemo ta tun wayar tana kunnuwa. Na fara da wannan ne don shi kaɗai ne abin da in ya ɓace ba a sayo shi.

Batun shafuka kuwa, kowane shafi mai tsaro yana nuna wa waya wata takardar shaida, wayar kuma tana da jerin waɗanda ta yarda da sa hannunsu, jerin nan yana tsufa wasu su ƙare a kawo sababbi, taki an daina sabunta mata, ga burauzar ita ma ta tsufa ba ta gane sabon salon da ake gina shafuka da shi. Microsoft tun Oktoban 2017 wani babban jami'insu Joe Belfiore ya fito ya ce sun daina mayar da hankali kan sababbin wayoyi da sababbin abubuwa a tsarin, suka sa Disambar 2019 a matsayin ƙarshen tallafi, WhatsApp ma a ƙarshen shekarar ta fice. Microsoft ɗin da ya kashe sama da dala biliyan 7 ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 ke nan fa. Don haka gyara na dindindin babu, kullum ƙaruwa abin zai yi.

Yaranki suna da gaskiya a rabi. Ki karɓi sabuwar, ki ce su sa miki Launcher 10 ko Square Home, suna mayar da fuskar Android ta koma akwatuna irin waɗanda kika saba. Lumia kuma ki ci gaba da ɗaukar hoto da ita in kina so, kyamararta har yau ba ta da laifi, batirinta ma ana cirewa a canza.

TAMBAYA: Yaya ni akasin su ne, na gaji da Google da Apple, ina so in koma wani tsarin waya daban, Ubuntu Touch ko Sailfish. Abokina ya ce kabari zan shiga da ƙafata. Ya kake gani?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanina abokinka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Wanda kamfani ya rufe ya tafi da makulli daban, wanda mutanensa kaɗan ne amma ana aiki a kansa daban. Ubuntu Touch kamfanin Canonical ya yar da shi a Afrilun 2017, amma da yake rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake ga kowa sai masu sa kai na UBports suka ɗauka suka ci gaba, abin da masu Lumia da BlackBerry 10 ba su samu damar yi ba ke nan. Sailfish kuma na Jolla ne a Finland, tsofaffin ma'aikatan Nokia ne suka kafa shi bayan an watsar da MeeGo, wani tsarin waya da Nokia take ginawa, wayarsu ta farko ta fito 2013, ana kuma sa shi a wasu wayoyin Sony Xperia. Ni ina jin daɗin ganin matasa irinka suna leƙa wajen nan, don in kowa ya ce sai inda jama'a suka fi yawa to kamfanoni biyu za su ci gaba da yanke wa duniya hukunci yadda suka ga dama.

Sai dai ka shiga da idonka a buɗe. Dukansu suna da hanyar kunna manhajojin Android, amma manhajojin banki da yawa suna bincika ko wayar tana da shaidar Google, in babu su ƙi tashi, wani lokaci ma yau ta yi aiki gobe a sabunta ta ta daina. Ka ɗauki takarda ka rubuta manhajoji biyar ko shida da ba ka iya kwana ɗaya babu su, har da waɗanda makarantarku take tilasta muku, ka bincika kowacce. Ka duba jerin wayoyin da tsarin yake goyon baya ka karanta abin da yake aiki da wanda bai aiki a ainihin samfurin da kake da shi, kyamara, GPS, zanen yatsa, musamman VoLTE, ka kuma duba yaushe aka fitar da gyara na ƙarshe da mutum nawa ne suke kula da samfurin, in mutum ɗaya ne to ranar da ya samu wani aikin shi ke nan. Kuma kar ka fara da wayar da kake dogaro da ita, buɗe makullin waya don canza mata tsari yana goge duk abin da ke ciki, ka nemi tsohuwa ka gwada a kanta na wata ɗaya ko biyu, in kun daidaita ka rubuto mana mu ji wace ka zaɓa.