Koyon tuƙin jirgin feshi a kan laftof: amsoshin tambayoyin manoma

Tun da jiragen feshi marasa matuƙi suka fara shiga gonakin shinkafa da masara, tambayoyin da ke iso mini a nan Kumasi sun ɗan sauya, domin bayan maganar taki da tsutsar masara, wadda ta addabe mu tun 2016, yanzu har ta kwamfuta ake kawo mini. Uku daga cikinsu sun shafi manhajar gwajin tuƙi, wato wadda ake haɗa rimot da laftof a tuƙa jirgi a kan allo, ya faɗi sau ɗari ba a yi asarar ko farfela ɗaya ba.

Wani dattijo mazaunin Aboabo, mai gonar masara a Ejura, ya ce ƙungiyarsu tana tara kuɗin jirgin feshi, ɗansa ne zai riƙa tuƙawa, amma manhajar RealFlight ta ƙi shiga laftof ɗin Apple da yaron ya saya na hannu a Adum.

Alhaji, kwamfutar lafiyarta ƙalau, RealFlight ce aka yi ta domin Windows kaɗai. Yaron ya taɓa alamar tuffa da ke kusurwar hagu ta sama, ya buɗe bayanin kwamfutar, ya ga irin injin da ke cikinta. In Intel ne, akwai Boot Camp a ciki, wadda ke yanka wa Windows 10 nata fili a ma'ajiyar kwamfutar, kuma Apple ya ce a samu sararin da bai gaza gigabait 64 ba, 128 kuwa ya fi. Sai dai Microsoft ya daina kula da tsaron Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka wancan ɓangaren a bar shi ga atisaye kawai, kada a shiga asusun banki ko na ƙungiya ta cikinsa. In kuwa injin M1 ne ko waɗanda suka biyo bayansa daga ƙarshen 2020, babu Boot Camp sam. Abin da ya rage shi ne manhajojin da ke tafiyar da Windows a cikin Mac, irin su Parallels wadda ake biyan kuɗinta, kuma nau'in Windows ɗin da suke ɗauka sai ya yi ta fassara manhajar kafin ta yi aiki. A nan shawarata ita ce a canza manhajar, a ƙyale kwamfutar. Aerofly RC tana da nau'in Mac, kuma a cikinta mutum yana kallon jirgin ne daga ƙasa, kamar yadda zai tsaya a bakin gona.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibin aikin gona take, mai amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sa wa kwamfuta a maimakon Windows. Ya sa Windows a cikin VirtualBox, hoto yana tsalle-tsalle, rimot kuma ba ya amsawa, shi ne yake tambaya ko ya raba kwamfutar gida biyu.

Ɗana, bambancin hanyoyin nan biyu kamar na gidan haya ne a zango. Raba kwamfuta gida biyu shi ne a ja katanga, kowa da ƙofarsa: lokacin kunnawa za ka zaɓi Ubuntu ko Windows, wanda ka zaɓa kuma shi ke da dukan ƙarfin injin da katin hoto. VirtualBox kuwa baƙo ne aka ba ɗaki a cikin gida, duk abin da yake buƙata sai ya bi ta hannun mai gida. Ga rubutu ko lissafin kuɗin gona wannan ba komai ba ne, amma tuƙi aikin ɗan yatsa ne da ido. Ka tura sandar rimot, saƙon ya bi ta Ubuntu, ya shiga Windows, hoton ya sake biyo hanyar ya dawo, kuma ɗan jinkirin nan da ba ka iya ƙirgawa hannunka yana haddace shi. Wanda ya saba da jirgi mai jinkirin amsawa yakan tura sanda fiye da kima, ranar da ya riƙe na gaske mai amsawa nan take sai ya riƙa wuce gona da iri, ya gyara hagu ya zarce dama. Gara rashin atisaye da atisayen da ke koya wa hannu ƙarya. Don haka in manhajar ta Windows ce tilas, raba kwamfutar ya fi, ba na ko tantama.

Batun rimot kuwa sau da yawa ƙaramin abu ne. Wayar USB da yawa ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar saƙo, sai ka gwada wata. Rimot mai manhajar EdgeTX a cikinsa, irin na kamfanin RadioMaster, yakan tambaye ka a allonsa yadda zai haɗu, sai ka zaɓi na sandar wasa. A VirtualBox kuma dole ka miƙa wa Windows na'urar da hannunka daga jerin na'urorin USB, kuma a Linux sai sunanka yana cikin rukunin vboxusers kafin jerin ya nuna komai.

Kafin ka taɓa ma'ajiyar, ka kwashe takardunka da hotunan gwajin gonarka zuwa wani wuri dabam, domin kuskure ɗaya wajen yanka fili yana share komai. Ka cika batir, kada dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta same ka a tsakiyar aiki. Tun da Ubuntu ce ta riga shiga, Windows tana iya ture allon zaɓin da ake kira GRUB ta riƙa tashi ita kaɗai, saboda haka ka ajiye filashin Ubuntu a kusa domin gyara. Mutanen wasu ƙasashe suna kukan agogo yana rikicewa tsakanin ɓangarorin biyu, saboda Linux tana bin lokacin Greenwich, Windows kuma lokacin gari. Mu a Ghana lokacin namu shi ne na Greenwich duk shekara, wannan ciwon kai bai shafe mu ba. Kuma kafin duk wannan wahala, ka sani cewa manhajojin gwajin tuƙi na Liftoff da VelociDrone suna aiki a Linux kai tsaye. Na tsere ne, sun fi jirgin feshi zafin nama nesa ba kusa ba, amma suna koyar da sanduna: a tsarin da aka fi bi, ta hagu ce ke hawa da sauka da juya fuska, ta dama kuma gaba da baya da gefe.

Ta uku wata hajiya ce mai gonar shinkafa, ta ce ƙanenta ya yi wata biyu yana atisaye a laftof, ko ta sakar masa jirgin haya ya yi mata feshi.

Hajiya, a dakata tukuna. Abin da allo ke koyarwa shi ne riƙe jirgi a wuri ɗaya, da sauka a hankali, da rashin ruɗewa idan jirgin ya fuskanto mutum hagu ta koma dama. Ba ya koyar da nauyi. Tankin DJI Agras T30 lita 30 yake ɗauka, wato kusan kilo 30 na ruwa da ke kaɗawa a kowace kwana, kuma yana raguwa ana cikin tafiya, jirgin da ya tashi da nauyi ya dawo sakayau. Allo ba ya nuna yadda iska ke kwashe maganin ciyawa ta kai shi gonar maƙwabci ko rafin da ake sha. Galibin feshin ma jirgin da kansa yake bin layin da aka zana masa a taswira, hannun matuƙi na ranar da abu ya ɓaci ne, kamar wayar wuta ko bishiyar da ba a gani a taswirar ba.

Sannan akwai doka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ita ke rajistar jirage marasa matuƙi da ba da izinin aiki da su, maganin da za a zuba kuma ya zama wanda hukumar kare muhalli, EPA, ta yi wa rajista. Mazauna Aboabo da Asawase su tuna filin jirgin Prempeh na ɗaya yana bayan gidansu, ba wurin gwaji ba ne ko da ƙaramin jirgi. Ƙanen naki ya bi wani matuƙi mai izini gona na wasu kwanaki, tashinsa na farko kuma ya kasance da sassafe kafin iska ta taso, a kan saura ko gonar da aka girbe, da ruwa zalla a tanki, rabi tukuna kafin a cika.