Fatawa: Zan iya saya wa ɗana na'urar gem da kuɗin gadonsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, mahaifinsu ya rasu shekara 2 da suka wuce. Na tsakiyan namiji ne, shekararsa 8. Tun bara ya koyi zuwa gidan gem a bayan layinmu, wani lokaci sai bayan magariba ake nemo shi, har ya fara riƙe canjin aike. Yanzu ya dame ni da kuka sai na saya masa PlayStation. Na yi tunanin in saya masa na hannu ko zai zauna a gida in huta da fargaba, tunda rabonsa na gado yana wurina, kuma abin ba zai ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Sai wani malami a unguwarmu ya ce gem haramun ne gaba ɗaya, hukuncinsa ɗaya da caca, wanda ya shigar da shi gida ya kori mala'iku. Malam mene ne gaskiyar magana?

Daga wata baiwar Allah, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya saka miki da alheri a kan riƙon da kike yi.

'Yar uwa, kin tambaye ni hukuncin gem, amma kalmar da ta tsayar da ni a saƙonki ita ce wadda kika faɗa a wuce: rabonsa na gado. Da kin ce da albashinki ko ribar sana'arki za ki saya, da amsar ba ta wuce layi biyar ba. Kuɗin maraya kuwa hukuncinsa daban ne. Allah ya ce kada a kusance shi sai ta hanyar da ta fi kyau, kuma malamai sun fahimci cewa ba "halal" kaɗai ake nema a nan ba, ana neman abin da ya fi zama maslaha ga yaron. Mutum yana da damar ya kashe kuɗinsa a kan abin da babu riba a cikinsa matuƙar ba haram ba ne. Ba shi da wannan damar a kan kuɗin maraya, ko da shi ya haife shi.

Ba wai an hana a saya wa maraya abin wasa daga dukiyarsa ba. Hambaliyya sun faɗa ƙarara cewa waliyyi zai iya saya wa yarinya 'yar tsana daga kuɗinta, sai suka ƙara da cewa ya saya daga nasa aljihun ya fi. Amma ki duba abin da suke magana a kai: 'yar tsana, abin da ba ya girgiza dukiya. Ke kuwa kina maganar sulusin duk abin da uba ya bar wa ɗansa, a kan na'urar da farashinta ke faɗuwa tun ranar da aka fito da ita daga shago. PlayStation 4 da ake yawan samu na hannu ta fito tun 2013, wadda ta gaje ta ta fito a 2020, kuma duk ranar da sabuwa ta zo sai tsohuwa ta ƙara zubewa. Sannan sayen ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai abin riƙewa da yara ke lalatawa, akwai lodin wasanni, akwai gyara idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, akwai man janareta ranar da babu wutar. Sayyidina Umar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, umarni ya yi a juya dukiyar marayu a kasuwa don kada zakka ta cinye ta. To wanda ya ji tsoron zakka, wadda haƙƙin Allah ce, ta rage wa maraya kuɗi, me zai ce a kan gem?

Akwai kuma abin da mata da yawa ba su sani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, riƙon yaro daban, iko a kan dukiyarsa daban. Bayan uba, ikon yana hannun wasiyyin da ya naɗa, in babu sai alƙali. Mai riƙo ana zartar da abin da ya kashe idan kaɗan ne, kuma malamanmu na baya sun yi sauƙi inda al'ada ta gudana cewa uwa ko baffa ke kula da dukiyar ba tare da wasiyya ba. Ko a kan wannan sauƙin, sulusin gado ba ya cikin "kaɗan". Saboda haka ba ya halatta ki saya masa wannan na'ura da kuɗin gadonsa a halin da kika siffanta, kuma in kin yi, bashi ne a wuyanki har ranar da zai mallaki hankalinsa ya nemi lissafi. Kukansa na yau ba izini ba ne, domin yaro ɗan shekara 8 ba ya da izinin da zai bayar a kan dukiya.

Idan daga kuɗinki ne, ko kawunsa ko baffansa ya ba shi kyauta, to asali halal ne. A nan nake saɓa wa ɗan uwana malamin unguwarku, Allah ya saka masa da kishin da yake da shi. Maganar tasa ta yaɗu a majalisu, don haka bari in tsaya a kanta.

Masu haramta gem baki ɗaya suna kiyasinsa a kan nardu, wasan da ake yi da ɗan ƙwallon jefawa mai ɗige-ɗige, wanda hadisin Muslim ya kamanta mai yinsa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa. Hadisin ingantacce ne, babu mai jayayya. Amma kiyasi yana buƙatar dalili guda da ya haɗa abin da nassi ya ambata da abin da ake kwatanta shi da shi. Nardu ginshiƙinsa jefawa ne da jiran sa'a, kuma shi ne sanannen kayan caca a wancan zamani. Ina wannan a wasan tseren mota, ko wasan ƙwallon da wanda ya fi iya sarrafa 'yan wasansa shi ke ci? Ko shaɗaranji, wato wasan chess, wanda ya fi kowane wasa kama da nardu a zama da allo, malamai ba su haɗu a kansa ba: Imamu Malik ya tsananta, Risala ta ce bai halatta ba, Shafi'iyya kuwa suka tsaya a karhanci matuƙar babu kuɗi kuma bai shagaltar da salla ba. Idan maƙwabcin nardu na jikin katanga an yi saɓani a kansa, ta yaya za a ɗauko dubban wasanni da ba su yi kama da juna ba, a zuba su a buhu ɗaya, a ce duk nardu ne? Na'urar kamar kwano take, hukunci yana bin abin da aka zuba. In an zuba wasan jefa ƙwallon sa'a ko karta ta kuɗi, to hadisin ya hau kansa. In ba haka ba, bai hau ba.

Sai su kawo hadisin da ya ce duk wasan da mutum ke yi ɓata ne sai harbi da baka, da horar da doki, da wasa da iyali. Imamu Gazali ya amsa wannan tun ƙarni da yawa: "ɓata" a nan yana nufin abin da babu amfani a cikinsa, ba abin da akwai zunubi ba. Kuma hadisin magana yake a kan baligi. Yara kuwa ga Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a ɗakin Annabi (SAW), har da doki mai fukafukai da ya sa shi dariya. Ga ƙanen Anas, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ga matan sahabbai suna yi wa yara abin wasa da ulu don su manta da yunwa ranar azumin Ashura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake cikin ukun da aka lissafa. Gazalin nan dai shi ne ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi da matsa masa karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa, har ya fara neman dabarar tsere wa karatun gaba ɗaya.

Maganar hoto da mala'iku kuma, a Malikiyya abin da aka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, kuma an togace 'yar tsanar yara. Abin da ke kan allon talabijin haske ne, ka kashe wuta ya ɓace. Wanda ya ce wannan yana korar mala'iku, to sai ya faɗi haka a kan bidiyon tafsirin da almajiransa ke ɗorawa a Facebook duk azumi. Ban ji ya faɗa ba. Cewa kuma kafirai suka ƙera shi, kamfanin Sony na Japan ne, kamar yadda motar da muke hawa zuwa masallaci take.

Abin da yake gaskiya a maganarsu shi ne abin yana cin lokaci fiye da duk wasan da muka sani. Langa da 'yar carafke gajiya ke tsayar da su, ko duhu ya yi a watse. Wannan kuwa an gina shi ne don kada a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da take lissafawa. Wannan dalili ne na sa iyaka, kuma zai iya kai wa ga hana wani yaro takamaimai idan an ga ya wuce gona da iri. Bai isa ya haramta wa kowa ba.

Wasan da ke da tsiraici, ko sujada ga gunki, ko wanda ya ci lokacin salla, ko aka sa kuɗi a kansa, haramcinsa bai buƙatar dogon bayani. Abin da nake so ki lura da shi shi ne yadda waɗannan ke shigowa ba a sani ba. Masu sayar da na hannu sukan loda wasanni barkatai don a ce an yi wa mai saye alheri, kuma a ciki ake samun irin su GTA, wanda masu ƙasar da aka yi shi ma sun ce ba na yara ba ne. A jikin kwalin wasa sau da yawa akwai lamba, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, ita ce shekarun da masu tantance wasanni na Turai suka ce ya dace. Ma'auninsu ba namu ba ne, amma abin da su suka ce na ɗan 18 ne, kada ya kwana a gidanki. Ki tafi da wanda ya san abin, a goge komai a gabanki, a bar ƙwallo da tsere. Kada a haɗa shi da intanet, kuma kada a sa masa katin banki. Ko wasan ƙwallon nan da ake ganin ba shi da laifi, yana da wani sashe da ake biyan kuɗi a buɗe ƙunshi ba a san ɗan wasan da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin wannan caca ce. Mu ma abin da za mu ce ke nan. Haka al'adar gidan gem ta cewa wanda aka cinye shi ne zai biya kuɗin zama, caca ce ƙarama, kuma ina tsoron can canjinki ke tafiya.

Yanzu bari in yi miki magana ta ɗan uwa. Kin ce kina so ki saya ne don ki huta da fargaba. Na fahimce ki, uwa ita kaɗai da yara uku ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma yaron da ya riƙe canji, ya yi kuka, sai washegari ya ga PlayStation a falo, ya koyi darasin da zai yi wuyar gogewa. Tausayin maraici yana sa iyaye mata su kasa cewa a'a, suna ganin kamar sun ƙara masa rashi a kan rashi. Ki fara da maganar canjin, cikin sirri, ba a gaban 'yan uwansa ba, kuma kada ki kira shi ɓarawo. Ya ga an wuce wannan da watanni kafin a fara zancen saye.

Sannan ki tambayi kanki abin da yake nema a can. Sau da yawa yaron da ya rasa uba ba allon ke jan sa ba, zaman cikin maza ne, da jin babban yaro ya yaba masa. In haka ne, za ki sayi na'urar ya yi sati biyu a gida ya koma, ko ya kwaso miki yaran layin su cika ɗaki. Ina baffanninsa, ina kawunansa? Ki nemi ɗaya daga cikinsu mai hankali ya riƙa jan sa masallaci, shekararsa ta wuce ta umarni da salla, ya tafi da shi shago ko gona ranar da babu makaranta, ya kai shi filin ƙwallo na gaske. Wannan haƙƙin yaron ne a kansu, kada kunya ta hana ki tuna musu.

In daga baya Allah ya hore miki kika saya da kuɗinki, ki ce na gida ne, ba nasa ba. Hakan ya fitar da ke daga fifita ɗa ɗaya da kyauta, abin da Annabi (SAW) ya ƙi yi wa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir shaida a kai, kuma ya bar iko a hannunki. A ajiye shi inda kowa ke gani, abin riƙewar kuma ya kwana a ɗakinki. Ni abin da nake ba iyaye shawara shi ne ranakun hutun mako kawai, bayan an yi tilawa da aikin makaranta, kuma kiran salla ya zama shi ne ƙararrawar tashi. Ƙaramin nasu, in bai kai shekara 5 ba, ki nisanta shi da dogon zama gaban allo.

Kuɗin gadon kuwa, ki rubuta adadinsa yau a takarda, baffansu ɗaya da kawunsu ɗaya su sa hannu, kuma duk abin da kika cira na makaranta ko asibiti ki rubuta ranar da dalilin. In akwai amintaccen da zai juya shi, ko a sayi abin da ba ya zubewa kamar fili ko dabba, ku yi shawara a kai ku ukun.

Wallahu a'alam.