Amsa: me ya jawo ƙarancin harsashi da bindiga a Amurka lokacin korona?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwamnati ce ta kwashe harsasai daga shaguna a 2020. A'a, jama'a ne da kansu suka wawushe su.

Tsoro ne ya fara kora mutane kasuwa. Da aka shiga kulle a Maris, binciken da hukumar FBI ke yi kan masu neman bindiga ya kai miliyan 3.7 a wannan wata kaɗai, shekarar kuma ta ƙare da kusan miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba. Sai ga zanga-zangar kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe, sai ga zaɓen Nuwamba. Miliyoyin da ba su taɓa riƙe bindiga ba suka saya, kowa kuma yana neman harsashi. Tsofaffin hannu da suka ga kanta ta fara yin wayam, mai sayen kwali biyu ya koma sayen goma. A ganina wannan ɓoyon ya fi komai tsawaita matsalar.

Masana'antu ma ba su tsira ba. Ma'aikata sun kamu da cutar, jan ƙarfe ya yi tsada, ga Remington, ɗaya daga cikin manyan masu ƙerawa, ta durƙushe a Yuli 2020, aikin masana'antarta ta Arkansas ya ja baya har kamfanin Vista Outdoor ya saye ta. 'Yar hular nan ta gindin harsashi, mai tayar da albarushi, kamfanoni ƙalilan ne ke yin ta, faɗaɗa aikinta kuma ba na wata ɗaya ba ne.

A Agustan 2021 kuma gwamnatin Biden ta sanar da cewa za ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha mai araha.