'Yata ba ta da ƙawa a makaranta

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto miki. 'Yata mai shekara 6 ta shiga ajin SIL, wato ajin farko na firamare, a watan Satumba, har yau ba ta ambaci sunan ƙawa ko ɗaya ba. Yayanta da ke CM1, wato aji biyar, ya ce idan aka fita tara, sai ta raɓe a gindin dogonyaro tana kallon masu wasa. Ƙosan da nake ƙulla mata ma haka take dawowa da shi. A gida bakinta ba ya shiru, amma yanzu kowace safiya sai kukan ciwon ciki. Babanta ya ce kunya ce, za ta wuce. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki zauna jiran ta wuce. Dubi abin da ke kan yarinyar nan: a gida Hausa, a aji Faransanci, a filin wasa Fulatanci, harshen kasuwa da titi a Garwa. Ko babba ne sai ya ja bakinsa. Shiga cikin yara kuwa koyonsa ake yi, amma makarantunmu sun bar yaro ya koya wa kansa. Aji ya cika maƙil, malami yana fama da masu surutu, mai shiru sai a ce ladabi gare ta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ki je ki sami malaminta da kanki, ki roƙe shi ya zaunar da ita benci ɗaya da wata yarinya mai sanyin hali, ya haɗa su aiki, ko goge allo ne ko raba alli. Da an samu mutum ɗaya, sauran da sauƙi.

A gida ki koya mata "jam na?" da "useko", wato "lafiya?" da "na gode" da Fulatanci, ku riƙa gaisawa da su har bakinta ya saba. Ki shimfiɗa tabarma ku yi 'yar carafke, ta koyi jiran a zo kanta, ta koyi faɗuwa ba kuka. Ƙosan nan ki ƙulla biyu, ɗaya na abokiyar zamanta.

Ranar taron APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ki miƙe ki nemi a ware ɗan lokaci kowane mako, a koya wa ƙananan azuzuwa gaisuwa, ba da haƙuri, da janyo wanda aka bari shi kaɗai. Za ki ga iyaye mata sun mara miki baya.

Ciwon cikin kuma ki kai ta asibiti a duba, har da kunnenta. Da dare ki lallaɓa ki tambaye ta ko akwai mai dukanta ko mai yi mata dariya. Idan akwai, wannan maganar daraktan makaranta ce, ki same shi washegari.